Yadda ake auna bene da shago kafin a yanka musu lampo a Kumasi

Kawuna yana da bene mai hawa biyu a gefen Alabar, shaguna shida a ƙasa, shida a sama. Ranar da takardar harajin gini ta iso, bayan la'asar ya aiko yaro ya kira ni. Na tarar da shi a kan buzu, takardar na hannunsa, tabarau a ƙarshen hanci.

"Ɗana, zauna ka karanta mini wannan. Ni da abokina na Aboabo magini ɗaya ya yi mana aiki, zane ɗaya, shekara ɗaya. Yaya za a yi nawa lampon ya kusa ninka nasa? Kuma akwai wata tsohuwar rumfa a Adum da hayarta ta fi ta benen nan gaba ɗaya, mai ita ba ya biyan ko rabin abin da aka rubuto mini."

Na ce, "Allah ya ja kwana, Kawu, duka biyun suna iya faruwa ba tare da an zalunci kowa da gangan ba. Dokar ce aka gina haka."

Bai ji daɗin amsar ba, kuma ban ga laifinsa ba. Yawancinmu a Zango duk kuɗin da hukuma ta karɓa lampo muke ce masa, ba mu rarrabe wane ne na wane. Mai shago a Kumasi kuwa aljihu huɗu ko biyar yake zuba wa kuɗi. Akwai lasisin gudanar da kasuwanci da Asambili, wato majalisar ƙaramar hukuma, ke karɓa duk shekara. Akwai tikitin kasuwa. Akwai kuɗin hayar ƙasa da ofishin kula da filayen sarauta ke tattarawa, tunda mafi yawan ƙasar Kumasi ta kujerun sarautar Asante ce. Akwai harajin kuɗin haya na hukumar tara haraji ta ƙasa, GRA, kashi 8 cikin ɗari a gidan kwana, kashi 15 a ginin kasuwanci. Sannan akwai wanda ke hannun Kawu, wanda ma'aikata ke kira furofati ret, wato harajin da ake ɗora wa ginin kansa. Shi ne maganarmu.

Kuɗin da ke ƙasan takardar nan haihuwar lamba biyu ce, kuma ofisoshi biyu daban ne ke fitar da su. Lamba ta farko ita ce ƙimar ginin, wadda Sashen Ƙiyasin Kadara na Hukumar Filaye ke da hurumin yankewa. Sashen a da hukuma ce mai zaman kanta, sai dokar 2008 mai lamba 767 ta haɗe shi da ofishin safiyo da na rajistar filaye a ƙarƙashin inuwa ɗaya. Lamba ta biyu ita ce kason da Asambili ta ce a cira daga kowane sidi na wannan ƙima. A ninka ta farko da ta biyu, abin da ya fito shi za ka biya. Yaron da ya kawo takarda bai da hannu a ko ɗaya daga cikinsu, don haka duk hayaniyar da ake yi masa a bakin shago zubar da yawu ce.

Mu fara da ƙimar, don a nan ne abin mamakin yake.

A duniya masu ƙiyasin kadara hanya uku suka fi bi. Ko su duba nawa aka sayar da gini irin naka a unguwarku kwanan nan. Ko su duba nawa ginin ke kawowa na haya a shekara, su lissafa darajarsa daga nan, kuma wannan ita ce hanyar da aka fi auna ginin kasuwanci da ita a wurare da yawa. A Ingila, alal misali, harajin shaguna da ofisoshi a kan kuɗin hayar shekara yake tsaye. Ko kuma su tambayi nawa za a kashe a sake gina irinsa yau. Ghana ta ɗauki ta ukun ta rubuta a doka. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016, mai lamba 936, wadda ta gaji ta 1993 mai lamba 462, ta ce ƙimar da ake ɗora haraji a kanta ita ce kuɗin sake gina ginin sabo a kan fili fayau, bayan an cire abin da za a kashe a gyara shi ya koma aiki kamar ranar da aka gama shi.

A lura da abin da ba ya ciki. Ƙasa ba ta ciki. Cinikin da ake yi a shagon ba ya ciki. Kuɗin haya ba ya ciki, balle gudwil, wancan dunƙulallen kuɗi da ɗan kasuwa ke direwa kafin a ba shi makullin shago a Adum na shekara biyar ko goma. Mai ƙiyasi ba ruwansa da cewa mutum dubu nawa ke wucewa ta ƙofarka daga Kejetia zuwa Roman Hill. Bulo yake ƙirgawa, da siminti, da rodi, da kwano.

Idan ya zo, tef yake fitarwa ya auna tsawo da faɗin ginin, hawa bayan hawa, ya fitar da murabba'in mita. Ya rubuta da me aka yi bango, bulon siminti ne ko ƙasa aka shafe da filasta. Rufin dekin ne ko kwano. Daɓen tayil ne, tarazo ne, ko siminti tsura. Ƙofofin ƙarfe ne masu naɗewa ko katako. Tagogi gilashi da alminiyon ne ko lufa. Akwai silin, akwai ruwa, akwai bayan gida a kowane hawa? Duk wannan ne ke nuna masa ajin da ginin ya faɗa, kuma kowane aji yana da kuɗin da aka ƙiyasta ana kashewa a kan murabba'in mita ɗaya. Shi ya sa bene mai sheƙi da tayil har bango yake shan ƙima fiye da maƙwabcinsa mai girma ɗaya da aka bari da fenti kawai.

Ba a jikin ginin kaɗai ake tsayawa ba, kuma masu kasuwanci sun fi jin wannan a jikinsu. Dokar ta lissafa harsashi, da haƙa, da magudanar ruwa, da hanyoyin da aka daɓe a cikin fili, har da injinan da aka kafe suka zama wani ɓangare na ginin. Gidan mai da ka gani a hanyar Tafo, ɗan ofishinsa ba wani abu ba ne. Kuɗin yana cikin rumfar ƙarfen da ke kan famfuna, da tankunan da aka binne, da faffaɗan daɓen da motoci ke takawa. Ɗakin sanyin kifi a Asafo daga waje kamar sito ne kawai, amma injin sanyaya da aka gina a jikinsa yana shiga lissafi. Haka lif a otal. Kayan da ke kan kanta, da firjin da za ka iya ɗauka ka sa a mota, da buhunan shinkafa a sito, su ba gini ba ne.

Daga nan sai a zo kan tsufa. Ginin da rufinsa ke yoyo, bango ya tsage, wayoyin wuta sun ruɓe, ba za a ƙiyasta shi kamar sabo ba. Ana lissafa kuɗin gyaran a cire. Amma dokar ta kafa shinge biyu a nan, kuma su ne amsar tambayar Kawu ta farko. Idan mai ginin ne da kansa yake amfani da shi, ƙimar ba za ta wuce rabin kuɗin sake ginawa ba. Idan kuwa wasu ne a ciki, kamar 'yan haya, ba za ta yi ƙasa da kashi 75 cikin ɗari ba, komai lalacewar ginin.

Na ɗauki biro na yi wa Kawu lissafi a bayan wata tsohuwar kalanda. Lambobin nan nawa ne, na zaɓe su don su yi sauƙin ninkawa, ba farashin hukuma ba ne. A ce kowane hawa murabba'in mita 200 ne, biyu sun zama 400. A ce ajin ginin sidi 4,500 ne a kowane murabba'in mita. Ya kama sidi 1,800,000. A ƙara katanga, da daɓen gaban shaguna, da kwata, da rijiyar burtsatse, a ce 200,000. Kuɗin sake ginawa ya zama miliyan 2 cif. A ce gyaran da benen ke buƙata zai ci 300,000. Saura 1,700,000, kuma tunda bai faɗi ƙasa da kashi 75 ba, wato 1,500,000, to 1,700,000 ɗin shi ne ƙimar. Yanzu a ce Asambili ta yanka sidi 3 a kan kowane sidi 1,000. Kawu zai biya 5,100 a shekara. Abokinsa na Aboabo, wanda ya cika nasa benen da kayansa na tireda, shi da 'ya'yansa ke zama a shagunan, ƙimarsa ba za ta haura miliyan 1 ba, harajinsa 3,000. Magini ɗaya, zane ɗaya, amma ba takarda ɗaya ba.

Kawu ya daɗe yana kallon kalandar. Sai ya ce, "To ai shago biyu na ƙasa ni da ƙanwarka muke ciki."

Nan ne gizo ke saƙar a Zango. Gine-ginenmu ba sa shiga akwati ɗaya. Gidan gado ne mai ɗaki ashirin, an fasa bangon da ke kallon titi an fitar da shaguna huɗu, ɗaya na tela, ɗaya na mai momo, wato mai tura kuɗi ta waya, ɗaya na mai waakye, ɗaya jikan mai gidan ne ke gyaran waya a ciki. A ciki iyali ne, wasu magada, wasu 'yan haya, wasu baƙin da aka sauka tun zamanin fataucin goro ba a taɓa karɓar musu ko fesuwa ba. Wannan gidan kwana ne ko na kasuwanci? Mai shi ne a ciki ko 'yan haya? Abin da mai ƙiyasi ya rubuta a littafinsa ranar da ya zo shi ke bin gidan shekara da shekaru, kuma sau da yawa wanda ya tarar a ƙofa, yaro ko ɗan haya, shi ya ba shi amsa. Shi ya sa nake ganin sakaci ne babba mai gini ya ji ana awo a unguwa ya tafi kasuwa abinsa. Ranar awo ta fi ranar biya muhimmanci.

Haka maganar masallaci. Doka ta yafe wa wuraren ibada da aka yi wa rajista, da maƙabartu, da asibitocin gwamnati, da makarantun gwamnati ko na taimako, da gine-ginen ofisoshin jakadanci. Amma sharaɗin wurin ibada shi ne ya kasance don ibada kaɗai aka keɓe shi. Jerin shagunan da kwamitin masallaci ya gina a jikin katanga don a samu na biyan wuta da ladan, kada a ɗauka alfarmar ta rufe su haka kawai. Makarantar kuɗi ma da mutum ya buɗe don riba kasuwanci ce.

Tambayar Kawu ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma a ganina ita ce lagon tsarin gaba ɗaya. Tunda ƙasa ba ta cikin ƙima, tsohon gini mai hawa ɗaya a tsakiyar Adum, wanda ake rububin shagunansa, yana iya samun ƙimar da ba ta kai ta sabon bene a bayan gari ba, wanda rabin shagunansa a kulle suke babu mai tambaya. Ka je Magazin a Suame ka gani: rumfunan kwano da katako, ƙasa baƙi ƙirin da baƙin mai, amma cinikin kayan mota da ake yi a wurin har daga Burkina Faso da Mali ake zuwa dominsa. A ma'aunin bulo da siminti, rumfar nan kusan ba komai ba ce. Wanda kuma ya sayi fili a bakin babban titi ya bar shi ciyawa na tsirowa, yana jiran farashi ya ninka, ba shi da ginin da za a auna. Wanda ya yi ƙoƙari ya zuba dekin, ya sa tayil, ya gyara kwatar gabansa, shi ake kamawa. Tsari ne da ke cin mai gini ya ƙyale mai ajiye fili, a garin da ke fama da ƙarancin wurin zama da na sana'a.

To me ya sa aka zaɓe shi? Ba don rashin sani ba. Hanyar haya da hanyar farashin kasuwa duka suna buƙatar gaskiyar lambobi, mu kuwa lambobinmu a ɓoye suke. Gudwil a ɗaki ake biyansa, sau da yawa ba rasit. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin gaba fiye da na wata shida, kowa kuma ya san shekara nawa ake karɓa a zahiri, don haka ba mai gaggawar rubuta abin da ya karɓa. Wanda ya sayi gini yakan rage farashin a takarda don kuɗin hatimi ya yi sauƙi. Ƙasar ma ba mallakarka ba ce har abada: kundin tsarin mulki na 1992 ya hana sayar da filin sarauta saye na dindindin, haya ce ta shekaru, kuma ana biyan kuɗinta daban. Daga wannan kuɗin hayar ƙasa, bayan an cire kashi 10 na ofishin da ke tattarawa, kashi 55 na abin da ya rage Asambili yake tafiya, 25 ga kujerar sarauta, 20 ga majalisar gargajiya. Wato ta wata ƙofar ƙasar tana biya. Bango kuwa ba ya ɓuya. Ko mai shi ya rantse ba ya samun ko sisi, tef zai faɗi tsawonsa. Ma'aikacin da aka ba unguwa guda ya auna cikin wata biyu ya fi son abin da idonsa ke gani. Makwabtanmu na Legas sun bi wata hanya tun 2001, inda suka haɗe haraji uku na ƙasa da gini suka mai da su ɗaya, kuma darajar filin tana cikin lissafinsu.

Wuri dai yana shigowa, amma ta taga, ta lamba ta biyu. Duk shekara Asambili tana zama ta zartar da ƙudurin da ake kira fi-fiksin, inda ake yanka kuɗin komai, daga lasisin mai chemist zuwa tikitin mai tura baro, kuma sai an buga shi a gazet ɗin gwamnati yake zama abin tilasta wa mutane. A cikinsa ne ake raba gari aji-aji, a kuma raba gine-gine: na kwana, na kasuwanci, na masana'antu, na gauraye. Ginin kasuwanci yakan sha kaso mafi tsada fiye da gidan kwana, unguwar da ake ganin ta masu hali ta fi ta talakawa. A ƙa'ida lissafin daga sama yake saukowa: Asambili ta duba nawa take so ta samu daga gine-gine, ta raba da jimillar ƙimar da ke littafinta, abin da ya fito shi ne kason. Sai dai aji abu ne mai faɗi. Shagon da ke kallon babban titi da wanda ke lungu bayan kwata suna iya faɗawa aji ɗaya, alhali hayarsu ko kusa ba ɗaya ba.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, wato Kumasin da muka sani a da ba Asambili ɗaya ba ce yanzu. A 2012 aka yanke Asokore Mampong, wadda ta tafi da Aboabo da Asawase da Sawaba. A 2018 aka ƙara yanke Oforikrom, Asokwa, Kwadaso, Suame da Old Tafo daga jikin KMA, wato Asambilin birnin Kumasi. Kowacce tana da nata ƙudurin, da nata kason. Benen Kawu da na abokinsa tafiyar minti ashirin ce a ƙafa tsakaninsu, amma ba majalisa ɗaya ke yanka musu ba. Ko da ƙimarsu ta zo daidai, takardunsu na iya bambanta. Babban kantin zamani na Kumasi City Mall, da aka buɗe a 2017, a Asokwa yake, don haka yankan 2018 ya fitar da shi daga littafin KMA. Irin wannan rabon yana sa tsohuwar uwa ta ƙara matsa wa gine-ginen da suka rage mata.

Sai matsalar da ta fi kowacce tsufa, ta littafin ƙima da ba a sabuntawa. Asambili ce ke biyan kuɗin aikin awo, aikin kuma yana da tsada: ma'aikata, motoci, taswira, wata da watanni ana bin gida gida. Majalisar da ke jiran kasonta na asusun bai-ɗaya, wanda kundin tsarin mulki ya ce kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa kuma yakan makara, ba ta cika samun rarar da za ta zuba a awo ba. Sai littafi ya kwana shekaru. Ƙimar da aka gina a kan kuɗin siminti da rodi kuwa ba abin da ke saurin ruɓewa kamarta. A farkon 2022 dala ɗaya wajen sidi 6 ce, kafin ƙarshen shekarar ta haura 14, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba. Ƙimar da aka rubuta kafin wannan guguwa ta zama tarihi. Sakamakon shi ne gine-gine biyu a layi ɗaya, ɗaya an auna shi da farashin shekaru goma da suka wuce, ɗaya sabo an auna shi da na bana, kuma kaso ɗaya ake ninka musu. Gine-ginen da awo bai taɓa kaiwa gare su ba kuma, ana yanka musu kuɗi dunƙule gwargwadon irinsu. Ranar da aka sake awo gaba ɗaya, sai mutum ya ga takardarsa ta yi tsalle sau da yawa a tashi ɗaya, ya ɗauka an ƙara haraji, alhali bashin shekarun da aka yi ana barci ne ya faɗo masa. Majalisar da ta san ya kamata, idan ƙima ta tashi, tana sauke kaso don nauyin ya zo da sauƙi. Wannan shawara ce ta siyasa, a zauren Asambili ake yanke ta, kuma a nan ne asambiliman ɗin da muka zaɓa yake da baki. Ban taɓa jin an tare ɗan takara a Zango an tambaye shi ra'ayinsa kan kason harajin gini ba. Kwata da fitilar titi muke tambaya, mu manta daga ina kuɗinsu zai fito.

Gwamnati ta gwada gyara ta ɓangaren karɓa. A 2017 aka ƙaddamar da adireshin zamani na GhanaPostGPS don kowane gini ya samu lamba. Daga Janairun 2023 aka miƙa karɓar harajin ga GRA ta wata manhaja guda ta ƙasa baki ɗaya, majalisu suka yi ta kukan kuɗin da ke shigo musu ya ragu, a 2024 aikin ya koma hannunsu. Duk wannan kai-komo bai taɓa ma'aunin ba. Ko a waya ka biya ko a ofis, bulo da siminti ne dai ake ninkawa.

Wanda bai yarda da ƙimarsa ba yana da ƙofar da zai buga. Kowace Asambili doka ta tanadar mata kwamitin duba ƙorafin haraji mai mutum biyar, wanda ministan yanki ke naɗawa bisa shawarar majalisar, kuma wanda hukuncin kwamitin bai gamsar ba yana iya wucewa Babbar Kotu. Sai dai a san irin kukan da ake saurara. "Kasuwa ba ta tafiya" ba hujja ba ce a tsarin da tun farko bai tambayi ciniki ba. "Shaguna uku a kulle suke" ma ba ya rage ko bulo ɗaya daga bango. Abin da ke ci shi ne a nuna awon ya zarce girman ginin, ko an rubuta dekin alhali kwano ne, ko an sa hawa uku alhali biyu ne da rodi a tsaye, ko an ɗauke shi na haya alhali mai shi ne a ciki, ko ba a cire lalacewar da ke bayyane ba. Zanen ginin da aka amince da shi, da hotuna, da rasitan baya su ne makamai. Idan kuɗin da ake jayayya a kai mai yawa ne, ɗaukar ƙwararren mai ƙiyasi ɗan ƙungiyar safiyoyi ta Ghana ya sake awon ba asara ba ce. Talauci kuwa ƙofarsa daban: doka ta ba Asambili ikon rage wa wanda ba shi da hali ko ta yafe masa, amma wannan roƙo ne, ba jayayya da ƙima ba.

Jefa takardar ƙarƙashin katifa shi ne mafi muni. Bashin a kan ginin yake zama, ba ya bin wanda ya mutu zuwa kabari. Doka ta ba Asambili dama ta liƙa sanarwa a jikin ginin, idan kwana 42 suka wuce ba a biya ba ta nemi kotu ta ba da izinin sayar da shi. Ba kasafai ake kai wa nan ba, amma gidajen gadonmu, inda magada goma sha biyar kowa ke karɓar hayar ɗakinsa ba wanda ke karɓar takardar lampo, su ne bashi ke taruwa a kansu shiru, sai ranar da aka tashi sayarwa ko neman rancen banki a ga abin da ya taru. Shi kuma ɗan haya kada ya ɗauka ba ruwansa. Takardar da sunan mai gini take zuwa, amma a misalinmu na ɗazu sidi 5,100 a raba wa shago 12, kowanne ya tashi da 425 a shekara, kuma ba mai ginin da zai manta da shi ranar sabunta haya.

Magariba ta kusa, Kawu ya naɗe takardar ya sa a aljihun gaba. Ya ce gobe zai nemo zanen benen a cikin akwati, in raka shi a duba abin da aka rubuta game da shaguna biyun da yake ciki. Har na miƙe sai ya nuna sama da carbinsa, wajen rodin da suka yi shekara takwas a tsaye suna tsatsa a kan dekin.

"In na ɗora hawa na uku fa, nawa za su ƙara mini?"

Na sake jawo kalandar. Murabba'in mita 200 a kan 4,500, sidi 900,000, sabo ne ba abin cirewa, a kason sidi 3 cikin 1,000 ya kama 2,700 a shekara.

Ya yi dariya har tabarau ya zame. "Wannan ai kuɗin siminti buhu nawa ne? Jeka ka yi alwala, ɗana. Ka tambayo mini farashin rodi tukuna."